Wa ke wanke tukwane bayan an kashe kyamara?

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu, musamman ku matasa da ke tunanin aure.

Akwai wasu littattafan soyayya na Kirista da ake bugawa a Amurka, waɗanda 'yan matanmu da dama suke karantawa a waya. Tun 1997 kamfanin Harlequin ya buɗe musu sashe na musamman mai suna Love Inspired. Babu batsa a cikinsu, ana addu'a, ana zuwa coci, a ƙarshe a ɗaura aure. Wasu marubutan kuma sun kai labarin ɗakin girki na talabijin, tunda a can girki a gaban kyamara babbar sana'a ce: Julia Child ta fara shirinta a Boston a 1963, a 1993 kuma aka buɗe tashar Food Network wadda aikinta ke nan dare da rana. Sai ka ga budurwa mai tsoron Allah ta shiga gasar girki, ta haɗu da wani kuku mai taurin kai, su yi ta sa-in-sa a kan gishiri, miya ta ƙone, a yi dariya, daga nan zuciya ta karkata.

Ban ce kada ku karanta ba. Labari mai tsabta da ke sa mutum murmushi ya fi ƙazantar da ta cika wayoyinmu nesa ba kusa ba. Damuwata ita ce abin da yake dasa wa zuciya ba tare da an lura ba.

Ku san yadda ake shirya girkin talabijin. Kafin mai gabatarwa ya shigo, wasu ma'aikata sun riga sun yi cefane, sun yanka albasa, sun auna komai a ƙananan kwanoni. Naman da ke bukatar awoyi a wuta, sau da yawa an dafa wani tun da farko an ajiye a gefe, sai a fito da shi kamar yanzu ya nuna. Masu tace hoto su yanke duk inda aka yi kuskure, aikin yini guda ya koma rabin awa. Idan an kashe fitilu, akwai masu tsayawa su kankare tukwane, kuma ba za ka taɓa ganin fuskarsu ba. Labarin soyayyar ma an tace shi. Yana tsayawa ranar biki, ba ya kai mu ranar da gas ya ƙare, albashi bai shigo ba, yaro na zazzaɓi, ga baƙi daga ƙauye.

To ku buɗe Yohanna sura 21. Almajirai sun kwana a Tekun Tibariya ba su kama kifi ko ɗaya ba. Da gari ya waye suka iske Ubangiji Yesu a bakin gaɓa, ya riga ya hura wutar gawayi, ga kifi a kai, ga gurasa. Wa ya yi wa girkin nan? Mutanen da suka watse suka bar shi a daren da aka kama shi, har da Bitrus wanda ya yi musun saninsa sau uku. Wanda ya tashi daga matattu ne ya tsuguna gaban wuta ya ciyar da su. Sai da suka ƙoshi sannan ya tambayi Bitrus ko yana ƙaunarsa. Wannan wurin yana taɓa ni ƙwarai, domin bai jira sun ba shi haƙuri kafin ya ba su abinci ba.

Bo'aza ma, a gonarsa ta Baitalami, ya miƙa wa Rut gasasshen hatsi ta ci ta ƙoshi har ta rage wa surukarta Na'omi. Bayan ta tashi ya ce wa ma'aikatansa su riƙa zare mata zangarniya daga dami, kada kuma wanda ya tsawata mata. Mai yiwuwa Rut ba ta ma ji wannan umarnin ba.

'Yar'uwa, saurayin da ke kai ki gidan cin abinci yana ɗaukar hoto, je ki ga yadda yake yi wa mahaifiyarsa magana idan tuwo ya makara. Duba ko yana tsayawa kwashe kujeru bayan taron matasa. Ɗan'uwa, kai kuma kada ka auri kwanon abinci. Karin Magana 15:17 ta ce gara cin ganye inda akwai ƙauna da cin kiɓaɓɓen sa inda akwai ƙiyayya. Kuma in ka yi auren, ranar da matarka ta dawo aiki a gajiye ko ciki ya yi mata nauyi, tashi ka ɗora ruwa, ka wanke kwanonin daren jiya, kada ka jira sai ta roƙe ka.