Ga ƙannena masu cire birkin keke

Ranar kasuwar da ta wuce, a gangaren dutsen da ke bayan ƙauyenmu ta wajen Birnin Kudu, na ga wani yaro da bai fi shekara goma sha biyar ba ya sako keke a guje, babu birki, silifas kawai yake dannawa a kan tayar baya. Abokansa na ihu, ɗaya na ɗauka da waya. Tayar gaba ta daki tsakuwa. Da na isa wurinsa hannun dama ya lanƙwashe, yana kiran sunan innarsa. A gidan mai ɗori muka yi magariba.

Na san abin da kuke kwaikwayo: bidiyon masu tseren keke a kan duwatsu. To ku saurara, ƙannena, in ba ku labarin gwaninsu.

Nino Schurter ɗan ƙasar Siwizalan ne, an haife shi a 1986 a wani ɗan ƙauye cikin tsaunuka. A gasar Olamfik ta 2008 a Sin ya zo na uku. Ya koma ya yi shekara huɗu yana shiri. A Landan, 2012, ana dab da layin ƙarshe Jaroslav Kulhavý ya sha gabansa, da tazarar daƙiƙa ɗaya tak. Daƙiƙa ɗaya, bayan kusan awa ɗaya da rabi ana hawa da gangara! Wani da ya jingine keken ke nan. Shi kuwa ya sake jiran shekara huɗu, sai a 2016 a Birazil ya ɗauki zinare. Sau goma yana zama zakaran duniya.

Wannan duk ba ya fitowa a bidiyon minti ɗaya. Ba ku ganin fitar sassafe cikin sanyi, ba ku ganin yadda yake zagaya hanyar tun kafin ranar tsere yana nazarin kowane dutse. Kuma ku duba da kyau, kansa da hular kwano, don babu wanda ake bari ya shiga tseren ba tare da ita ba. Birkinsa gaba da baya ne, bakanikensa na dubawa kafin a tashi. Gwanin duniya ke nan bai raina birki ba, sai kai?

Ban ce ku bar keke ba, wallahi ina son in ga ɗan Jigawa a irin wannan fage. Ƙafar da ke kai buhun gero kasuwa cikin rairayi ba ƙaramar ƙafa ba ce. Amma ku mayar da birki, ku sa wa kaca mai, ku nemi hular kwano ko ta gwanjo ce, ku bar gangaren nan ranar da mata da yara ke bin hanyar.

Yaron nan yana gida, hannu a ɗaure da kara. Ga kaka ta zo, mahaifinsa shi kaɗai yake yankan dawa.