Layi shida na gyara, sau biyar ana dawo min da su

Wallahi raina ya ɓaci. Wata uku ke nan ina fama da masu kula da wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta, irin waɗanda ke shelar cewa ƙofarsu a buɗe take, kowa ya kawo gudummawarsa. Ba zan kama suna ba. Abin da na gyara layi shida ne kacal: a tsarin allon rubutunsu na Hausa, in ka nemi babban Ƙ sai K marar ƙugiya ya fito. Na gano inda matsalar take, na gyara, na gwada a kwamfutata, ya yi daidai.

Sai da na karanta ƙa'idojinsu tun daga farko har ƙarshe kafin in aika. Aka dawo min da shi, wai imel ɗina na HTML ne, su tsuran rubutu suke karɓa. Na yarda. Kwana biyu na yi ina kokawa da git send-email, manhajar aika gyara ta imel, ga wuta babu, ga data na ƙarewa. Na sake aikawa. Bayan sati biyu aka ce na sa tazara inda ake sa tab, wato maɓallin da ke tura farkon layi ciki. Na gyara. Na uku, wai kan bayanin ya yi tsawo. Haba jama'a! Mutum ɗaya ne fa ke dubawa, kuma duk kurakuran nan suna gabansa tun ranar farko. Me ya hana shi faɗa min su a lokaci guda?

Na huɗun ne ya fi ƙona min rai. Dokarsu ta ce ka sa hannu da sunanka a layin Signed-off-by. Sunana akwai ɗ a ciki. Na rubuta shi yadda aka raɗa min, na'urar bincikensu ta mayar da harafin alamar tambaya, mai dubawar kuma ya ce ni in gyara sunana. Gyaran da na kawo musu fa a kan haruffan nan yake!

Ni ba na ƙin doka, na kuma san amfanin sa hannun nan. Linux, wata shahararriyar manhajar sarrafa kwamfuta, ce ta shigo da shi a 2004, bayan kamfanin SCO ya maka IBM a kotu a 2003 yana iƙirarin an zuba layukan manhajar SCO a cikin Linux, don a san daga hannun wa kowane layi ya fito. Amma can an rubuta ƙa'idojin filla-filla. Akwai checkpatch.pl da zai nuna maka kurakuranka kafin ka aika, akwai get_maintainer.pl da zai gaya maka wanda za ka aika wa. Ko iyakar haruffa 80 a layi da aka daɗe ana riƙo da ita, a 2020 sun sassauta gargaɗin zuwa 100. Su waɗannan da nake fama da su tsananin kawai suka kwaikwaya, rabin dokokin kuwa suna cikin kan mutum ɗaya, sai ka taka sannan ka ji.

Jiya amsa ta biyar ta iso: wai an rufe karɓar gyare-gyare, in jira zango na gaba. Na koma takardar ƙa'idojin na bi ta layi-layi, ko kalma ɗaya babu a kan wannan lokacin rufewa. Ɗalibai biyu da nake koya wa aikin nan sun ga abin da aka yi min, sun ce su kam ba za su aika komai ba. Ƙ ɗin kuma yana nan yana fitowa K.