Ku faɗi ɗayan ɓangaren labarin mana

Wannan rahoton naku da ke cewa ƙungiyar Justice Democrats ta Amurka, mai tsaya wa 'yan takara masu ra'ayin kawo sauyi a jam'iyyar Dimokurat, sai ƙara ƙarfi take yi, akwai gaskiya a ciki amma ba duka kuka faɗa ba. Eh sun taka rawar gani wallahi, ƙungiyar da aka kafa a 2017, shekara na zagayowa ta tsaya wa Alexandria Ocasio-Cortez, budurwa mai aiki a gidan abinci, ta kayar da Joe Crowley da ya kusa shekara 20 a majalisar wakilai ta ƙasa, a zaɓen fidda gwani na Dimokurat a New York. Abin da ya fi burge ni sharaɗinsu ne, duk wanda za su mara wa baya ba zai karɓi kuɗin manyan kamfanoni ba, sai ɗan abin da talakawa suka tara, dala biyar dala goma, sannan matasa su bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa.

To amma ina labarin Jamaal Bowman da Cori Bush, waɗanda su ma ƙungiyar ta mara wa baya? Sun ci a 2020, a 2024 duk an yi waje da su tun a zaɓen fidda gwani, bayan AIPAC, ƙungiyar da ke kare muradun Isra'ila a Amurka, ta zuba maƙudan kuɗi don sun soki yaƙin Gaza, na Bowman kaɗai ya haura dala miliyan 14. Ilhan Omar da Rashida Tlaib, su ma 'yan takarar ƙungiyar, dai sun sha. Kuma ko a 2018 ɗin da ake ta yabo, yawancin 'yan takararsu faɗuwa suka yi.