Manomin da aka raɗa wa suna da bukkarsa

Jama'a, akwai wasu tsofaffin kalmomin Ingila da suka daɗe suna ci mini tuwo a ƙwarya.

A 1086, Sarki William, wanda ya ci ƙasar da yaƙi a 1066, ya sa aka bi gari-gari ana ƙidaya gonaki da garmuna da mutane domin haraji. Kundin da aka haɗa shi ake kira Domesday. Masu ƙasa, kowa da sunansa a ciki. Manoman da ke zaune a ƙasarsu kuwa, adadi kawai aka rubuta: villani kaza, bordarii kaza, cottarii kaza.

To, daga ina waɗannan sunaye suka fito? Bordar daga borde take, wato ɗakin katako a tsohon Faransanci. Cottar kuma daga cot, 'yar bukka. Mutum ne da mata da 'ya'ya, amma an kira shi da ɗakin da yake kwana. Gonarsa sau da yawa ba ta wuce eka biyar, abin da ba ya kai iyali ga wata kaka, don haka dole ya yi wa mai ƙasa aiki. Wasu ranar Litinin ce tasu a gonar ubangida, har a takardu aka riƙa rubuta su lundinarii, 'yan Litinin. Ya ɗan yi kama da gayaunar da ake yankar wa ɗan gandu, sai dai can ba ubanka ne mai gandun ba.

Wadda ta fi yi mini ciwo ita ce villanus, tilon villani. Asalinta mazaunin villa ne, gidan gona, shi ke nan. Yau villain a Turanci mugu ne, azzalumi. Masu alƙalami sun yi ta ambaton manomi da raini har sunansa ya koma zagi. Mu ma kada mu yi saurin wanke hannu, don duk mun san abin da ɗan birni ke nufi in ya ce wa mutum baƙauye, alhali gero da dawar da ke tukunyarsa daga ƙauyen suka zo.

A Ailan, irin waɗannan manoma masu bukka cottier aka riƙa ce musu. Dankalin turawa ne abincinsu, kuma da ya ruɓe a gona daga 1845, su yunwa ta fi kwasa. A Sikotlan, dokar 1886 ta hana a kori crofter, wato ƙaramin manomi mai hayar gona, daga 'yar gonarsa haka kawai. Cottar, wanda bukka kaɗai gare shi, dokar ba ta ba shi ko taƙi ɗaya na ƙasa ba.