Nasiha Ga Mai Fama Da Tsakuwar Ƙoda Da Masu Tsayuwa A Kansa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Duk shekara idan bazara ta kankama a Maraɗi, daga Afrilu zuwa Mayu, zafi ya haura digiri 40, ba a rasa jin an kwashi wane cikin dare zuwa asibiti yana riƙe da kwiɓi. A yi masa hoton ciki, a ce tsakuwa ce a ƙoda. Nasihar yau tasa ce, kuma tamu ce mu masu jinya da dubiya, don sau da yawa bakinmu ne ke ƙara masa nauyi.

Wani maƙwabcinmu ɗan kabu-kabu, magidanci, ciwon ya kama shi bayan Isha'i. Na tarar da shi durƙushe a tsakar gida, goshinsa a kan tabarma, zufa ta jiƙa rigarsa sharkaf. Ya miƙe, ya zaga, ya sake durƙusawa, ya yi amai, babu kwanciyar da ta karɓe shi. Yana ta "wayyo Allah". Sai wani dattijo cikin waɗanda suka shigo ya ce, "Haba Malam, namiji da kai? Ina tawakkalin?" Na san alheri yake nufi, amma maganar nan ba ta da tushe a addini.

A cikin Sahihul Bukhari, Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ce "wayyo kaina", sai Manzon Allah (SAW) ya ce mata, "A'a, ni ne dai wayyo kaina." Abdullahi ɗan Mas'ud ya shiga wurinsa ya same shi cikin zazzaɓi mai tsanani, Annabi (SAW) ya faɗa masa da bakinsa cewa, "Ina jin zazzaɓi irin na mutum biyu daga cikinku." Annabi Ayyub, wanda da shi ake buga misalin haƙuri, bai yi shiru ba, ya kai kukansa: "Anni massaniyad durru wa anta arhamur rahimin", cuta ta shafe ni, kuma Kai ne Mafi rahamar masu rahama. Aya ta 83 ce cikin Suratul Anbiya'i. To wa ya ba mu ikon auna imanin bawa da ƙarar nishinsa? Abin da ake guje wa shi ne zuciya ta yi fushi da hukuncin Allah, harshe ya ce "me na yi Maka?" Nishi da hawaye jiki ne ke faɗar abin da ya same shi.

Kuma wanda bai taɓa ji ba, ya daure ya fahimci abin da ke faruwa a cikin nan. Tsakuwar ba daga tsakuwar gero ko ta shinkafa da aka haɗiye take ba, kamar yadda ake faɗa a fada, kuma ba jifa ba ce. Gishirin da ke cikin fitsari ne ke daskarewa idan ruwan jiki ya yi ƙaranci, galibi sinadarin kalsiyam. Tana iya zama cikin ƙoda shiru ba a san da ita ba. Ranar da ta gangaro cikin siririn bututun da ke kai fitsari mafitsara, wanda faɗinsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, sai ta tare hanya, fitsari ya taru a bayanta, ƙodar ta kumbura, bututun yana matsawa yana son tura ta. Shi ya sa ciwon ke zuwa yana lafawa, ya faro daga kwiɓi ya sauka mara har zuwa gaba. Wadda ba ta kai milimita 5 ba yawanci tana fita da kanta, cikin kwanaki ko 'yan makonni. Wadda ta wuce milimita 10 da wuya ta fita sai likita ya sa hannu.

Ɗan'uwana mai ciwo, idan ya taso maka ba za ka iya doguwar addu'a ba, kuma ba a nema daga gare ka ba. Usman ɗan Abil As ya kai wa Annabi (SAW) kukan wani ciwo da yake ji a jikinsa, sai ya ce masa ya ɗora hannu a inda ke ciwon, ya ce Bismillah sau 3, sannan sau 7 ya ce "A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhazir." Muslim ya ruwaito. Hannun naka ma dama yana kan kwiɓin. Idan numfashi bai kai ba, "Ya Allah" ta isa. Salla kuwa, Imrana ɗan Husaini yana fama da basir aka ce masa ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Kada ka bari ta wuce ka don kana jiran ka iya ruku'u. Nafilfilin da ka saba kuma ciwo ya hana ka, hadisin Abu Musa ya ce ana rubuta maka su kamar kana lafiya.

Akwai kalmar da ke suɓuce wa mutum a tsakiyar dare, wato gara mutuwa da wannan. Hadisin Anas ya hana burin mutuwa saboda cutar da ta sauka, ya ba da madadinta: Ya Allah Ka raya ni matuƙar rayuwa ta fi mini alheri, Ka karɓi raina idan mutuwa ta fi mini alheri. Ka riƙe wannan. Ka kuma tuna an yi wa musulmi alkawarin kankarar zunubi ko da ƙaya ce ta soke shi, ina ga wannan.

Sai dai lada ba ta ƙaruwa don mutum ya ƙi magani. "Ku nemi magani, bayin Allah," in ji Manzo (SAW) a hadisin Usama ɗan Sharik. Allurar kashe ciwo ba ta rage wa kowa lada. Abin da nake tsoro shi ne ƙwayoyin tire da ake yawo da su a tasha da bakin kasuwa, sun sha rana, a ce "sha biyu ka miƙe". Magungunan ciwo irin su diklofenak suna aiki sosai a kan wannan ciwon, amma su ɗin ne kuma ke iya cutar da ƙoda idan aka yi ta zuba su ba ƙa'ida, balle jiki ba ruwa. Taramol kuwa mun ga abin da ya yi wa samarinmu, ba sai na faɗa ba. Ruwan kanwa da jiƙe-jiƙen da ba a san ma'auninsu ba, a bar ƙodar da ke cikin wahala ta huta da su. Kwalbar ruwan ɗumi a naɗe cikin zane a kara a kwiɓi tana sassautawa. Kuma lokacin da ciwon ke kan ganiyarsa kada a ɗura masa buta guda wai a tura tsakuwar, amai kawai zai ƙaru. Ya sha kaɗan-kaɗan.

Idan zazzaɓi ko rawar ɗari ya haɗu da ciwon, ko fitsari ya tsaya cak, ko amai ya ƙi tsayawa, ko mace mai ciki ce, ko mutum ƙoda ɗaya gare shi, ba a jiran asuba. A nemi abin hawa. Toshewa da ƙwayar cuta idan suka haɗu suna iya kisa. Jini a fitsari ma a je a duba, don mu da ke kusa da Gulbi tsargiya ma tana kawo shi. Masu dubiya, maimakon kowa ya zo da nasa maganin, a haɗa jikka-jikka a biya kuɗin hoto da na farmasi, a ce "La ba'asa, ɗahurun in sha Allah", a taƙaita zama.

Ana ba da labarin Ibnus Sammak da Halifa Haruna Rashid. An kawo wa halifa ruwa zai sha, malamin ya tambaye shi, da za a hana ka wannan ruwan, da me za ka saye shi? Ya ce da rabin mulkina. Da ya sha, ya ce to da za a hana shi fita daga jikinka fa? Ya ce da mulkina duka. Mu kan shiga bayi mu fito sau nawa a wuni, ko "Gufranaka" ba ma tunawa.

Ranar da tsakuwar ta fito, a tace fitsarin da ƙyalle mai tsabta a adana ta a kai wa likita, don sanin irinta na taimakawa wajen hana wata. Kusan rabin waɗanda suka yi ta suna sake yi cikin shekara 5 zuwa 10. Ruwa ne babban makami, a sha har fitsari ya yi fari-fari, kimanin lita 2 zuwa 2 da rabi na fita a wuni. Magina, 'yan dako, masu gashin nama da 'yan kabu-kabu da ke wuni a rana sun fi kowa buƙata, kuma kofunan shayin fada ba sa maye gurbin ruwa. A rage gishiri da dunƙulen miya da yawan nama, a riƙa matsa lemun tsami a ruwa. Nono ba a ce a bar shi ba, furarka ka sha.

Wanda ya taɓa yin ta kuma azumi ya tunkaro, ya ga likita tun cikin Sha'aban. Idan an ce zai iya, ya rarraba ruwansa tsakanin buɗa baki da sahur. Idan ciwon ya taso masa da rana ko likita amintacce ya ce zai cutu, ayar Baƙara ta 185 ta ba shi dama ya sha ya rama a wasu kwanaki.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.