Ka Sa Ido a Kan Waifan Gidanka, Amma da Sanin Yaron

Assalamu alaikum, 'yan uwana iyaye maza da mata.

Akwai tambayar da take yawan tasowa a majalisa da zaurukan WhatsApp na iyayen yara: "Yaya zan yi in riƙa ganin abin da yarona yake kallo a waifan gida ba tare da ya sani ba?" Farkon tambayar alheri ne, wajibi ma ne. Ƙarshenta, wato "ba tare da ya sani ba", shi nake so mu sake wa tunani, domin a nan da yawanmu suke rushe aikin da suka faro da kyakkyawar niyya.

Nauyin dai ba gardama a kansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce dukkanmu makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Duk wanda ya sayo rauta, wato na'urar da take raba waifai a gida, ko 'yar ƙaramar MiFi ta MTN ko Airtel, ko ya kafa Starlink da ta shigo Najeriya a farkon 2023, ya biya kuɗin wata, ya karanta wa yara kalmar sirri, to ya buɗe sabuwar ƙofa a gidansa. A ginin iyayenmu baƙo ba ya kaiwa tsakar gida sai ya bi ta zaure, maigida ya amsa sallamarsa, ya san ko ɗan wane ne da abin da ya kawo shi. Rauta ita ce zauren yau: duk abin da zai shiga wayar yaro ta waifai sai ya ratsa ta cikinta. Mu kuwa mun ɗora ta a kan talabijin mun tafi kasuwa, ba wanda yake zaune a wurin.

Zama a wurin ba ya buƙatar digiri. Ka juya rautar, za ka ga takarda a manne a ƙasanta ɗauke da wasu lambobi, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, irin na Huawei kuma sau da yawa 192.168.8.1. Ka rubuta su a burauzar wayarka yayin da kake jone da waifan, shafin sarrafa na'urar zai buɗe. A nan ne mutane suke rikicewa: kalmar sirri guda biyu ce. Ɗaya ta shiga waifai, wadda kowa a gida ya sani har da 'ya'yan maƙwabta. Ɗayar ta shiga wannan shafi, kuma a na'urori da yawa tana nan yadda kamfani ya bar ta, "admin" kawai. Yaron da ya kai aji biyu na ƙaramar sakandare ya san haka, ko abokinsa ya sani. Muddin ba ka canza ta ba, duk dokar da ka kafa da rana za a iya goge ta da dare, safiya ta yi a mayar maka da ita yadda ka bari.

A cikin shafin za ka ga jerin wayoyi da kwamfutocin da suke jone. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka gane ta wane ce, ka sa wa kowace suna. Rautoci da yawa suna ba da damar ka yanke wa wata waya intanet a lokacin da ka zaɓa, misali daga ƙarfe goma na dare zuwa bayan sallar asuba. Ni a ganina wannan shi ne mafi amfani a cikin duk abin da na'urar take iya yi, domin yawancin ɓarnar ba da tsakar rana take faruwa a gaban mutane ba, sai cikin bargo bayan gida ya yi tsit, ga kuma barcin da ake sacewa daga yaron da zai tafi makaranta da safe, ya wuce Islamiyya da yamma. Sai dai ka sani, tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi suna iya sauya lambar da rauta take gane su da ita, waya ta dawo kamar baƙuwa, dokar ta kuskure ta. Maganin wannan shi ne ka umarci rautar kada ta karɓi kowa sai wayoyin da ka tantance, ko ka ware wa yara tasu hanyar daban da tata kalmar sirri, a kashe ta gaba ɗaya idan lokaci ya yi.

Sai tacewa. Kafin waya ta isa kowane shafi, tana tambayar wata ma'ajiya da ake kira DNS ta ba ta adireshinsa. Idan ka sauya ma'ajiyar zuwa wadda ba ta amsa tambayar shafukan batsa, shafin ba zai buɗe ba. Kamfanin Cloudflare ya fitar da irin wannan kyauta a watan Afrilun 2020: a gurbin DNS na rautar ka rubuta 1.1.1.3, a gurbi na biyu 1.0.0.3. OpenDNS ma yana da nasa, 208.67.222.123. Wasu na'urorin kamfanonin waya ba sa barin a taɓa wannan gurbi. Idan haka ne sai a yi a kan wayar yaron kanta. Aikin mintoci kaɗan ne, ba sisin kwabo, kuma yana kare ɗan shekara takwas da ya danna wani talla cikin rashin sani daga ganin abin da ba zai fita daga kansa ba.

Yanzu ga gaskiyar da masu tallan manhajoji ba sa son faɗi. Rauta tana ganin sunan shafin da aka shiga, da lokaci, da yawan datar da aka ci. Ba ta ganin abin da yake ciki. Kusan duk manyan shafuka a yau suna kulle abin da yake gudana tsakaninsu da wayar mai amfani, WhatsApp kuwa tun 2016 ya kulle saƙonni yadda ba mai karantawa sai mai aikawa da wanda aka aika wa. Za ka ga an yi awa uku a YouTube, amma ba za ka san tafsiri aka saurara ba, ko darasin lissafi, ko wani abin da bakinka ba zai iya faɗi ba. Yawancin ƙananan rautocin ma ba sa ajiye tarihin komai. Yaron kuma yana da hanyoyin kewayewa: ya kashe waifai ya sayi datar 'yan ɗaruruwan naira, ko ya jona daga wayar abokinsa, ko ya kunna VPN, wato manhajar da take ɓoye shafukan da waya take shiga. Kada mu manta, lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mu da kanmu muka koyi VPN a falo, yara suna kallonmu. Da zarar an kunna shi, rauta ba ta ganin komai sai hanya guda a rufe.

Don haka dole a haɗa da kulawa a kan wayar. Google yana da Family Link tun 2017, wanda yake ba uba ko uwa damar amincewa ko hana sauke manhaja, da ƙayyade awannin amfani, ko da data yaron yake aiki ko da waifai. Wayoyin Apple suna da Screen Time tun 2018, TikTok ya kawo Family Pairing a 2020. Shekara 13 da kafafen sada zumunta suke gindayawa kafin a buɗe shafi kuwa ba malaman tarbiyya ne suka yanke ta ba. Ta samo asali ne daga wata dokar Amurka ta 1998 da ta hana kamfanoni tattara bayanan yara ƙasa da wannan shekaru ba da izinin iyaye ba. Ko ita ɗin ba ma kiyayewa. Mu ne muke zama mu ƙara wa ɗan shekara goma shekarun haihuwa don a buɗe masa shafi, mun koya masa ƙarya a rana ta farko, alhali majalisar Ostireliya a ƙarshen 2024 ta ga 13 ɗin ma ta yi kaɗan, ta mayar da ita 16.

Idan uba ya gane iyakar rauta, sai wani ya raɗa masa cewa akwai manhajar da ake dasawa a ɓoye, mai kwafo saƙonni da hotuna da duk harafin da aka danna. Ina roƙonku da girman Allah ku yi nesa da ita. Asirin 'yarka ba a wayarka yake fara sauka ba, a rumbun wani kamfani yake taruwa a wata ƙasa. A 2018 an gano wata irin wannan manhaja mai suna TeenSafe ta bar kalmomin sirrin dubban yara a buɗe a intanet, kowa yana iya ɗiba. Ka je neman tsari ka miƙa wa ɓarawo makulli. Sannan yaro yakan gane, ko ba daɗe ko ba jima. Ranar da ya gane, bai daina abin da yake yi ba, sai dai ya koma wayar da ba ka san da ita ba, ya kuma daina gaya maka komai. Allah Ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 12, kada ku yi bincike cikin asirin juna. Ayar ba ta sauke wa uba nauyin kula da ƙaramin yaro ba, amma tana nuna mana cewa leƙen asiri abu ne mai nauyi a wurin Allah, ba a kama shi da wasa. A Suratun Nur ma an koya wa yara neman izini kafin su shiga wa iyaye a lokuta uku; gidan da aka gina a kan haka gida ne da aka san mutuncin sirri a cikinsa. Ɗan shekara bakwai ba shi da wani sirri a waya, a gabanka ya kamata ya riƙe ta. Amma budurwa 'yar shekara goma sha shida wadda uwarta take karanta hirarta da ƙawayenta a ɓoye, an ci mata fuska, kuma uwar ba za ta ma iya yi mata faɗa a kan abin da ta gani ba sai ta tona kanta.

Dalilin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wannan. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya sanar da rufe shafukan Instagram kusan 63,000 daga Najeriya saboda damfarar tsiraici: a yi shigar budurwa, a yaudari mutum ya turo hotonsa, sannan a ce ya biya kuɗi ko a watsa wa danginsa da abokansa. A Satumbar wannan shekarar wata kotu a jihar Michigan ta Amurka ta ɗaure wasu 'yan uwa biyu daga Legas shekara goma sha bakwai da rabi kowannensu, bayan wani ɗan shekara 17 da suka yi wa haka ya kashe kansa cikin dare a ɗakinsa a 2022. Da wani ya duba rautar gidan a wannan daren, abin da zai gani shi ne "Instagram", shi ke nan. Makamin mai damfarar ɗaya ne: yaron ya fi tsoron iyayensa su sani fiye da komai. A wurinmu da kunya take da ƙarfi, kuma ake gudun abin faɗa a unguwa, makamin ya fi kaifi. Kada kuma mu manta ɗaya ɓangaren, mai zafi: masu aikata wannan ta'asa su ma 'ya'yan wasu ne, a ɗakin wani gida suke kwance da waya, watakila a kan waifan da mahaifinsu ya biya. Idan ɗanka ya fara riƙe kuɗin da ba ka san tushensu ba, ko daga damfara ko daga cacar ƙwallo, wannan ba a shafin rauta ake ganinsa ba, a takalminsa da sabuwar wayarsa ake gani.

Saboda haka ka kira shi ka zaunar da shi kafin ka taɓa saitin komai. Ka ce masa: "Babana, na sa wa waifan nan matata, kuma ƙarfe goma zai riƙa ɗaukewa. Ina iya ganin shafukan da ake shiga, ba na karanta hirarka. Ba don na ɗauke ka mutumin banza ba ne, sai don akwai mutanen banza a ciki. In wani ya taɓa tsorata ka, ko ka yi kuskuren da kake jin kunyarsa, ka zo wurina ko wurin Ummanka ko da ƙarfe biyun dare ne. Na yi maka alkawari za mu fara kashe wutar kafin a yi maganar laifi." Uwa ta gaya wa 'yarta haka. Na san akwai iyayen da alkunya take hana su irin wannan magana, musamman da ɗan fari. To a wakilta kawu, ko gwaggo, ko yayan da yaron yake sakin jiki da shi, amma dai kada a bar maganar ba a yi ba. Hausawa sun ce ka ƙi naka, duniya ta so shi, kuma duniyar yau tana cikin aljihunsa tana jira.

Dokar kuma ta hau kan kowa. Matatar da ka sa ta tace har da wayarka. Idan an ce wayoyi a falo za su kwana a jikin caji, taka ma ta kwana a can. Yaro ba ya jin wa'azin uban da yake amsa gaisuwarsa ido a kan allo. Yana girma kana sassautawa da saninsa, kana gaya masa dalili, domin ranar da zai tafi jami'a ko ya bi ubangidansa kasuwa babu rautarka a can. Abin da Luƙman ya gaya wa ɗansa, cewa ko ƙwayar komayya ce a cikin dutse Allah zai zo da ita, shi ne zai bi shi, kuma ba a dasa wannan da manhaja.

Idan kuwa abin da ake gudu ya faru, yaro ya zo yana rawar jiki ya ce ana yi masa barazana da hotonsa, ka haɗiye fushinka. Kada a tura ko naira ɗaya, domin wanda aka biya sau ɗaya dawowa yake yi. Kada a goge hirar. A ɗauki hotonta da sunan shafin da lambar asusun da aka ce a tura kuɗi, sannan a toshe shi a kai ƙararsa ga kafar. A Najeriya rundunar 'yan sanda tana da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja, EFCC ma tana karɓar irin wannan ƙorafi. Akwai kuma wani shafi na kyauta mai suna Take It Down, na cibiyar NCMEC ta Amurka mai aikin kare yara, wanda aka yi domin 'yan ƙasa da shekara 18: yana ɗaukar tambarin hoton ba tare da hoton ya bar wayar ba, ya aika wa kafafe irin su Facebook da Instagram da TikTok domin su gane shi su cire idan an ɗora. A daren kuma kada a bar yaron ya kwana shi kaɗai.