Baburan daji sun hau titi, makarantar yara ta rufe

Jama'a akwai wata rigima da aka daɗe ana yi a arewacin jihar New Hampshire ta Amurka, yankin Coos da ke iyaka da Kanada, kan baburan nan masu ƙafa huɗu da ake kira ATV, wai a bar su su hau titin cikin gari ko a hana su. Ana ta cacar baki kan ƙara da ƙura, amma ni dai a ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Kuɗin makaranta ne asalin maganar.

Ku duba garin Berlin, na Amurka fa ba na Jamus ba. Gari ne da kamfanin takarda ya yi rainonsa, kaka ya yi aiki a can, uba ya yi, sai a 2006 masana'antar ta rufe, a ƙarshen 2007 ta garin Groveton ma ta bi sahu, matasa suka watse neman abinci, darajar gidaje ta faɗi ƙasa warwas. To me za su sayar? Daji suke da shi da duwatsu. Gwamnatin jiha ta buɗe gandun Jericho saboda masu baburan nan, a 2013 aka haɗa hanyoyin daji sama da mil 1,000 aka sa musu suna Ride the Wilds. Amma baƙon da ya zo hawa sai ya sha mai, sai ya ci abinci, sai ya kwana a otal, kuma duk waɗannan a cikin gari suke, shi ya sa aka fara buɗe musu titi. Dokar jihar ta ba shugabannin gari damar buɗe titunansu bayan an yi zaman jin ra'ayin jama'a.

Mai gidan mai ya ji daɗi, mai gidan abinci ya ji daɗi, kuma wallahi ban ga laifinsu ba, mutum yana da iyali. Amma tsohuwar da gidanta ke bakin titi fa? Ranar Asabar da rani ayari ne ke wucewa ta ƙofarta tun safe har yamma, ba ta iya buɗe taga, ba ta iya zama a baranda. A garin Gorham sai da wasu mazauna suka kai ƙara kotu a 2018 saboda wannan. Ga kuma haɗari, don tayoyin abin nan masu taushi ne marasa iska sosai, don taɓo da yashi aka yi su, jikinsa kuma dogo ne, in ka sha kwana da gudu a kan kwalta kifewa yake. Kamfanonin da ke ƙera shi da kansu suna gargaɗi kar a hau kwalta da shi.

To me ya sa gari zai yarda da abin da mai ƙera shi ma ya ce kar a yi? Saboda an matse shi. New Hampshire ba ta karɓar harajin albashi, ba ta da harajin saye da sayarwa na gama gari, don haka mafi yawan kuɗin makaranta daga harajin gidaje da filaye na kowane gari yake fitowa. Garin da ke bakin tafkin Winnipesaukee cike da gidajen hutu na masu kuɗi, ɗan haraji kaɗan zai sa ya tara kuɗi mai yawa, ga yara kaɗan. Berlin ko Claremont kuwa sai sun lafta wa talaka haraji mai nauyi a kan gidan da bai da wata daraja, kuma duk da haka ba ya isa. Talaka ya fi biya, ɗansa ya fi rashi, wannan wane irin adalci ne don Allah? A 2019 Berlin ta rufe firamaren Brown saboda kuɗi, aka kwashe yaran aka cusa su a wasu gine-ginen. Garin da ke cikin wannan hali in ka ce masa ga baƙi za su kawo ciniki, ai ko jirgin sama ne zai buɗe masa titi.

Kuma ba wai ba a sani ba ne. Tun 1993 kotun ƙolin jihar ta ce a shari'ar Claremont ilimin yaro wajibi ne a kan jiha, a 1997 ta ce tsarin harajin da ake bi ya saɓa wa tsarin mulki. Aka ƙirƙiro harajin ilimi na jiha baki ɗaya a 1999, garuruwa masu kuɗi suka yi ta ƙorafi cewa ana kwashe rarar harajinsu a kai wa garuruwa matalauta, a 2011 aka bar su su riƙe rarar abinsu. A Nuwamban 2023 alƙali David Ruoff ya ce dala 4,100 da jiha ke ba kowane ɗalibi a lokacin a matsayin kason tushe ta yi kaɗan, aƙalla a kai ta 7,356, alhali abin da makarantu ke kashewa kan yaro ɗaya a shekara ya kai wajen dala 20,000 a lokacin. Sama da shekara 30 kenan ana abu ɗaya, yaron da ya shiga aji ɗaya lokacin shari'ar farko yau nasa 'ya'yan ne a makaranta.

Ni ban ce a kori masu babur ba. A sa musu iyakar gudu da lokacin tashi, a hana yara marasa lasisi hawa titi, a zagaye unguwannin da mutane ke kwana ko da za a kashe kuɗi a yanka sabuwar hanya. Amma kafin duk wannan 'yan majalisar da ke zaune a Concord, babban birnin jihar, su 400 a majalisar wakilai kaɗai, su ɗauki nauyin da kotu ta ɗora musu tun 1993 su biya kuɗin makarantar Berlin da Claremont daga aljihun jiha, sannan a kira taron gari a tambayi mutane ko suna son baburan a ƙofar gidansu.